Abin Da Ya Kamata Maigida Ya Duba Kafin Ya Sayi Kyamarar Tsaro

A 'yan shekarun nan duk wanda ya zaga unguwannin Ikko kamar su Agege da Idi-Araba, ko kuwa Sabo ta Ibadan, zai ga waɗansu 'yan na'urori maƙale a bisa katangu da ƙofofin gidaje suna kallon titi. Waɗannan su ne kyamarorin tsaro da jama'a suka fi sani da sunan CCTV. A da sai bankuna da manyan kantuna, amma yanzu sun yi araha har ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi yana iya saye, musamman wanda yakan rufe gida ya tafi Arewa da iyalinsa lokacin Salla. Abin takaici shi ne da yawa daga cikinsu ado ne kurum. Ran da aka yi ɓarna aka je duba hoto, sai a tarar babu komai, ko kuwa a ga wata inuwa wadda ko uwar da ta haife ta ba za ta shaida ta ba.

Dabarar kanta ba sabuwa ba ce. Wata ma'aikaciyar jinya a birnin New York na Amurka mai suna Marie Van Brittan Brown, tare da mijinta Albert, su ne suka nemi rajistar wata na'urar tsaron gida mai haɗe da kyamara da talabijin a shekarar 1966, aka kuma ba su a 1969. To, amma yawancin kyamarorin da ke kasuwa an ƙera su ne da tunanin ƙasashen da ba a cika ɗauke wuta ba. Nan ne gizo ke saƙar.

Saboda haka tambayar farko da mutum zai yi wa mai sayarwa a kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja ita ce: in an ɗauke wuta, me zai ci gaba da riƙe ta? Sau da yawa ɓarawo ba ya zuwa da tsakar rana. Yakan jira dare ya raba, unguwa ta yi duhu, an kashe janareta, watau daidai lokacin da kyamarar da ta dogara da wutar gwamnati ta riga ta mutu. Abin farin ciki, waɗannan na'urori ba su da cin wuta. Kyamarori huɗu tare da akwatin da ke naɗar hotunansu ba su cika wuce wat 50 ba. Batir guda mai lamba 100Ah, ko da rabin cajinsa kaɗai aka yi amfani da shi domin kada ya lalace da wuri, zai riƙe su misalin awa 12. Wanda ya ware kuɗin kyamara takwas, gara ya sayi huɗu ya sa ragowar a batir da inbata.

Akwai kuma masu aiki da hasken rana, waɗanda ke da nasu batir a ciki, a sa musu layin waya su riƙa aiko da hoto. Suna da amfani ƙwarai ga gona ko rumbun ajiyar kaya ko gidan da ake ginawa. Sai dai yawancinsu barci suke yi domin tattalin batir, sai sun ji motsin wani abu mai ɗumi sannan su farka, kuma kafin su farka mai sauri ya riga ya wuce. Akuya da kyanwa ma suna tashe su. Har wa yau a damina ta kurmi, inda akan yi kwanaki rana ba ta fito sosai ba, cajin yakan ƙare.

Bayan wuta sai maganar gani cikin duhu. Mai sayarwa zai nuna hoto mai kyau da rana a cikin shago, amma ba wannan ne gwaji ba. A sa shi ya toshe haske a ga yadda fuska ke fitowa. Kyamarori na gama-gari suna da waɗansu ƙananan fitilu kewaye da idonsu masu ba da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, hoton kuwa ya fito fari da baƙi. A jikin kwali akan rubuta mita 20 ko 30, amma a wannan nisa motsi kawai za a gani. Gane fuska sai a kusa. Waɗansu kuma suna kunna farar fitila su ba da hoto mai launi, wanda ke nuna kalar riga da ta mota.

Mutane da yawa suna son kyamara mai faɗin gani, wadda aka rubuta 2.8mm a jikinta, domin ta ɗauke harabar gida gaba ɗaya. Gaskiya tana ɗaukewa, amma kowa sai ya zama ƙarami. A bakin ƙofa, inda tilas mai shigowa ya bi, mai lamba 4mm ko 6mm ta fi, domin tana jawo fuska kusa. Kuma kada a kai ta can ƙarƙashin rufin bene don tsoron kada a sace ta, in ba haka ba hula da tsakar ka kawai za ta riƙa ɗauka. Tsawon mita biyu da rabi zuwa uku ya isa.

Tun da a waje za ta zauna, sai a duba lambar da ta fara da IP. In an ga IP66, lambar farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyu kuma tana nufin za ta jure feshin ruwa mai ƙarfi. Kada a sayi abin da ya gaza IP65. Duk da haka ruwa ya fi shiga ta mahaɗin waya, don haka a tabbata mai haɗawa ya rufe shi cikin ɗan akwati. Da hunturu ƙura takan rufe gilashin, gizo-gizo kuma yana son yin saƙa a gabansa saboda ƙwarin da fitilun ke jawowa, shi ya sa sai ana gogewa. Rashin kula irin wannan ba talaka kaɗai yake kayarwa ba. A shekarar 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 ta aikin sadarwar tsaro wanda ya haɗa da kafa kyamarori a Abuja da Ikko, amma bayan 'yan shekaru sai da Majalisar Wakilai ta zauna binciken dalilin da ya sa ba sa aiki.

Ina hoton yake zama? Ɓarayin da suka san aikinsu akwatin naɗar hoto suke fara nema su yi gaba da shi, alhali kuwa galibi a falo ake ajiye shi a ƙarƙashin talabijin. Ya kamata a ɓoye shi, a kuma sa kati a cikin kyamarar ƙofa domin a sami kwafi na biyu. Kyamara guda mai matsakaicin hoto tana iya cin gigabayit 20 a yini, watau faifai mai terabayit ɗaya zai ɗauki hoton kyamarori huɗu na kwana 12 ko kusa da haka, daga nan sabo ya fara goge tsoho. Mai tafiyar wata guda sai ya yi lissafinsa tun da wuri.

Kyamarori da yawa da ake haɗawa da intanet suna zuwa da lambar sirri ta kamfani, wadda kowa zai iya samu. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da akwatunan naɗar hoto a duniya ta wannan hanya. Maigida ya canja lambar da hannunsa bayan mai haɗawa ya tafi, domin ba daidai ba ne wani yaro a shago ya riƙa kallon shige da ficen iyalin mutum a wayarsa. Haka nan a karkatar da ita kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci inda matansa suke. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa, kuma ko ba doka, wannan abu yana ɓata zaman tare.

In har magana ta kai gaban alƙali, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da kwamfuta ta fitar, muddin an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. Akwatin da ɗan batirin agogonsa ya mutu yakan rikita kwanan wata duk sa'ad da aka ɗauke wuta, lauyan wanda ake tuhuma kuwa nan zai fara kamawa. Saboda haka maigida ya riƙa gwada agogon akwatin da na wayarsa ko da sau ɗaya ne a mako.