Kiyaye Ido a Filin Wasa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Zuwa ga hakimai da malaman ofisoshinsu a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum.

Kun san da zarar an kawar da amfanin gona sai wasanni su kankama: dambe da kokawa a dandali, langa da dare, ƙwallon ƙafa a makarantu, sharo wajen Fulani, sukuwa ranar salla. Hukuma ba ta ƙin wasa, gama yana ƙarfafa jiki. Amma ƙashi in ya karye maɗori ya ɗora shi, ido kuwa in ya tsiyaye ba mai mayar da shi. Manomin da ya makance ya zama kaya a wuyan danginsa.

Ido yana raunana ta hanya uku. Ta fari, naushi ko ƙwallo ya bugi ƙwayar, jini ya taru a cikinta, ko tantanin gani na can baya ya ɓamɓare. Wani bugun ba ya nuna illarsa sai bayan watanni, sa'an nan yana ta rufe idon. Ta biyu, abu mai tsini ya huda shi, kamar bakin tsumagiya ko kara ko dutsen danƙo. Ta uku, yashi ko tsakuwa su karce gilashinsa na gaba.

Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya umarci dagatai da masu unguwanni da shugabannin wasa da waɗannan:

1. A share fili, a kawar da kututture da ƙaya da duwatsu.
2. A duba naɗin hannun kowane ɗan dambe kafin ya shiga, kada a bar ƙarfe ko kwalba a ciki.
3. A wajen sharo a tsare ka'ida, bulala kada ta kai fuska.
4. 'Yan kallo, musamman yara, su ja baya daga dawaki da masu bindiga.
5. Kada a yi ƙwallo da tabarau na karatu, don yana fashewa. Akwai na wasa, na roba mai tauri.
6. Mai ido ɗaya ya bar dambe da sharo.

In tsautsayi ya auku, kada a murza idon, kada a danna shi. Abin da ya cake a ciki kada a cire. A kifa ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon, a ɗaure shi sako-sako. Kada a zuba kwalli ko nono ko ruwan ganye, gama su ne ke kawo ruɓa. Ƙura kuwa ana wanke ta da ruwa mai tsabta.

Sa'an nan a kai mutum babban asibitin Anka ko Gummi ko Bukkuyum a ranar nan, ko da ya ce ba ya jin zafi. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura shi Gusau ko Sakkwato, ko Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna. Jinkirin kwana biyu kan jawo asarar idon da za a iya ceta.

Malamai su karanta wannan takarda a majalisa da ranar kasuwa, su kuma rubuta kowane rauni a littafi, domin hakimi ya san inda za a gyara. Allah Ya kiyashe mu, amin.