Wa Ya Koya Wa Ƙudan Zuma Reno?

Ma'aikaciyar ƙudan zuma takan gwigwiye murfin kakin ɗakinta ta fito, jiki da laushi, gashi a kwance. Kwana kaɗan sai ka gan ta tana cusa kai cikin ramukan saƙa tana duba tsutsotsi, tana miƙa wa 'yar'uwarta abinci baki da baki. Sarauniyar da ta haife ta ba ta reno, aikinta zuba ƙwai ne. Uban kuwa ya mutu tun ranar barbara. To, a ina ta koyo?

Masana sun daɗe suna zargin gado ne. A 2006 aka gama karanta ƙwayoyin gadon ƙudan zuma, amma sanin sunan mutanen gari daban, sanin sana'ar kowa daban. Dole a kashe ƙwaya ɗaya a ga abin da zai ɓace. Nan gizo ke saƙa, domin sarauniya a sararin sama take barbara, da maza da yawa, ba ta haɗuwa a keji yadda mai bincike yake so.

Martin Beye da abokan aikinsa a Jami'ar Düsseldorf ta Jamus suka bi ta ƙwan. Suka yi wa sabbin ƙwai allurar CRISPR, almakashin da ke yanke ƙwayar gado daidai inda aka nufa, suka lalata wata mai suna doublesex, wadda a da an san ta ne da bambanta jikin namiji da na mace. Tsutsotsin da hannu aka rene su, haƙurin da ni kam yake burge ni ƙwarai.

Saura shaida, alhali ƙudaje duk kamarsu ɗaya. Sai aka manna wa kowace 'yar mitsitsiyar lambar QR a gadon baya, kyamara na ɗauka, kwamfuta na bin sawu.

Sakamakon ya fito a mujallar Science Advances a 2024. Waɗanda aka taɓa suna tafiya lafiya lau, ba nakasa. Amma duba tsutsa, sarrafa abinci da musayarsa sun ragu, in ma sun fara ba sa daɗewa.

A ina ƙwayar take aiki? Suka haɗa ta da wani sinadari mai ƙyallin kore. A cikin ƙwaƙwalwar nan da ba ta fi ƙwayar riɗi ba, mai jijiyoyi kusan miliyan ɗaya, koren ya haska har a sashen mai siffar laimar kwaɗi, inda saƙon ƙamshi da na gani suke haɗuwa.