Idan Tsohon Babur Ya Mutu a Hanyar Kamfani

Mai bin hanyar Sharaɗa ko Challawa da sassafe, lokacin da 'yan aikin kwana ke fita na safe ke shiga, ya saba ganin dattijo a tsugune gefen titi, ya ture hula ƙeya, yana leƙen cikin tsohon babur ɗinsa. Sau da yawa Vespa ce, ko Honda irin ta da. Waɗannan mashina sun cika Kano ne bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, zamanin da masaƙu da matatun man gyaɗa na Bompai ke aiki ba dare ba rana. Yawancin masana'antun sun rufe, baburan kuwa wasunsu har yau suna kai masu gadi da tsofaffin ma'aikata bakin aiki.

A da, kafin mutum ya gama cewa "subhanallahi" 'yan acaɓa biyu sun tsaya a kansa. Tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur cikin birni da kewaye, makanikai da dama suka koma gyaran Adaidaita Sahu. Ga kuma tsoron masu ƙwacen waya, wanda ya sa mutane ke kau da kai. Tsoron yana da hujja. Maganinsa shi ne ka kama wa dattijon ku tura mashin ɗin zuwa ƙofar kamfani ko teburin mai shayi, inda akwai idon jama'a, nesa da kwanar da tireloli ke shawowa.

Sai sallama da tambaya: "Sannu Baba, ɗaukewa ya yi gaba ɗaya, ko sai da ya yi ta shaƙewa?" Amsar ta rage rabin aikin. Mashin ɗin da ya yi ta shaƙewa kafin ya mutu, galibi mai ne bai isa ba. Wanda ya ɗauke farat ɗaya, a nemi wuta. Kuma a saurari mai shi, don wanda ya shekara talatin da babur ya fi kowane ɗan taimako sanin halinsa. Ni dai a ganina, ɓarnar da ake wa tsofaffin mashina a gefen titi ta fi zuwa daga taron masu taimako, kowa da sukudireba yana murɗa kafireta. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma ban da nan.

A fara da mai. A girgiza tanki a ji, a juya makunnin zuwa rizab, a zare tiyo a ga ko fetur na zuba. Man 'yan bumburutu wani lokaci yana zuwa da ruwa ko datti, ya kwanta a gindin kafireta. Akwai ɗan noti a ƙasa, a sassauta shi ya tsiyaye. Idan Vespa ce, kada a tsiyayo mata zallan fetur daga wani tankin a ce an taimaka. Injinta sai an gauraya masa baƙin mai irin nasa, kimanin kashi 2 cikin 100, in ba haka ba fistin ya ƙone a hanya.

Daga nan fulogi. A kwance shi, a dubi bakinsa. In ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf yana warin fetur, mashin ya sha mai. A goge da tsumma, a kankare da 'yar waya, a mayar masa da hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a buga kik. Shuɗin tartsatsi mai ƙara tas-tas lafiya ce. Ja mai rauni ko shiru, matsalar ta koma kwayil ko wayoyi. A riƙe fulogin ta robar hularsa, kuma a nisanci man da ya zube, don gobarar babur daga irin wannan gwajin take tashi. Sai matatar iska, wadda ƙurar hunturu da ta manyan motocin Challawa kan toshe. A kaɗe ta kawai.

Honda CG 125, wadda ta fito a 1975, da gangan aka ƙera ta don ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai ba, shi ya sa 'yar wannan dubawar kan tashe ta. In kik ya gagara, a sa giya ta biyu, a riƙe kuloci, a tura, in ya ɗauki gudu a saki.

In duk an yi bai tashi ba, a tsaya haka nan. Buɗe inji a kan ƙasa cikin yashi asara ce, musamman da yake kayan irin waɗannan mashina sai an sha yawo a Ƙofar Ruwa kafin a dace. A nemo Adaidaita ko kura a ɗora shi. Turin nan da ake yi da ƙafa daga kan wani babur yana aiki a lungu, amma a titin Panshekara tsakanin tireloli, kada a fara.