Koyon Turanci Ta Hanyar Muhawara a Kan Rikicin Matasa da Wayar Hannu

Waɗansu iyaye sun tambaye mu dalilin da ya sa 'ya'yansu suke komawa gida da zancen faɗa da na WhatsApp, alhali kuwa Turanci aka aiko su koyo. Tambayar tana kan hanya, shi ya sa muka ga ya kamata mu amsa ta a nan.

Kowane malamin Turanci ya san wahalar sa yaro ya buɗe baki a aji. Ɗalibi yakan haddace ƙa'idojin nahawu sarai, amma idan aka ce ya tashi ya faɗi ra'ayinsa, sai ya sunkuyar da kai. Mun lura cewa ba rashin kalmomi ne kaɗai yake hana shi ba. Sau da yawa batun da ke cikin littafin ne bai dame shi ba.

A watan Maris na 2025 kamfanin Netflix ya fitar da wani wasan kwaikwayo mai kashi 4 daga Ingila, mai suna Adolescence. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 13 da aka kama bisa zargin kashe wata 'yar makarantarsu, bayan ta yi masa ba'a a Instagram. Firayim Minista Keir Starmer ma ya goyi bayan a nuna shi kyauta a makarantun sakandare na ƙasarsu. Mu dai ba mu nuna shi ba, domin akwai zage-zage a ciki, kuma Turancin arewacin Ingila yana da wuyar ji. Mun taƙaita labarin da Turanci mai sauƙi, muka raba wa 'yan aji biyu na babbar sakandare, sa'an nan muka yi tambaya guda: laifin wa?

Ran nan har waɗanda ba mu taɓa jin muryarsu ba sun ɗaga hannu. Sun san ba'a a waya, sun kuma san yadda hoto ɗaya yake zaga gari kafin magariba.

Daga nan muka shiga nahawu. Turanci yana da ginin jimla da yake ɓoye mai aikatawa, kamar yadda mukan ce "an doke shi" ko "an tura hoton". Muka sa su juya kowace irin wannan jimla yadda dole sai an ambaci wanda ya yi aikin. Nan fa aji ya yi tsit. Wa ya ɗauki hoton? Wa ya tura? Wa ya gani ya yi dariya, bai ce komai ba? Wata yarinya ta ce ashe wanda ya tura ma yana cikin jimlar. A ganinmu, a shekarun da muka yi muna koyar da wannan darasi, ba a taɓa fahimtarsa haka ba.

Mako na gaba aka yi muhawara a kan dokar da majalisar Ostireliya ta zartar a 2024, wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a dandalin sada zumunta. Masu goyon baya suka yi rinjaye da ƙyar. Kowa kuma ya rubuta hujjojinsa cikin kalmomi 450, gwargwadon abin da WAEC take bukata.

Abin yana da haɗarinsa. Sau ɗaya wani yaro ya kawo misali da abin da ya faru a ɗakin kwanansu, saura kaɗan muhawara ta koma faɗa na gaske. Tun daga ranar muka kafa doka: ba a kiran sunan kowa, kuma wanda yake da damuwa ya same mu a ofis bayan an tashi. Kafin ƙarshen zango, ɗalibai uku sun zo.