Jirgin da Ba Ya Jiran Cikon Mutum Guda

Mutumin Lambara ba baƙon lodi ba ne. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa ƙasar Bodinga da Shagari, ta miƙe Tambuwal da Jega, ba ta rabo da mota, kuma duk wanda ya taɓa kama ta ya san tsarin. Ka iso da kayanka, yaron mota ya karɓe ya cusa a but ko ya ɗaure a sama. Ɗan kamasho ya miƙo takarda ka rubuta sunanka da lambar wani naka. Ka biya, ka ajiye hula ko leda a kujera don a san da mai ita, ka koma inuwa ka sayi rake ko fura, kunnenka na wajen mai kiran "saura mutum guda!" Wanda ya iya wannan ya iya rabin abin da ake yi ranar shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa, irin ƙaton nan mai benaye da ake gani a talabijin. Ɗaya rabin kuwa, inda jirgi ya raba hanya da tasha, shi ne abin da ya sa na ga zancen ya cancanci a yi shi ko ga wanda bai da niyyar ganin teku.

Ba yau muka fara hawa teku ba. Alhazan da suka bi ta ƙasa zuwa Sudan, daga Sawakin ko Fot Sudan suke shiga jirgi su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Ɗalibai da ma'aikatan da suka tafi Ingila kafin jirgin sama ya yawaita, da yawansu a jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster suka tashi daga Apapa, jirgin da ya yi wannan zirga-zirga daga 1951 zuwa 1974. Sai dai waɗancan tafiyar buƙata suka yi. Na yanzu jirgin kansa shi ne wurin zuwa, gari ne guda a kan ruwa. Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Mayami ta Amurka a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Abin kuma ya matso kusa da mu. Tun 2021 irin waɗannan jirage suke tashi daga Jidda, a Disambar 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata mai suna Aroya. A Afirka ta Kudu ana tashi daga Daban zuwa tsibiran Mozambik. Yau ɗan da ke aiki a waje yana iya cewa iyayensa su zo ya kai su, shi ya sa yana da kyau a san abin da za a tarar.

Ranar shiga ranar sauke lodi ce da ɗaukar wani. Da asuba jirgin yake isowa, ya sauke dubban mutanen makon jiya, a share ɗakuna, a loda abinci da mai, sannan a fara kwasar sababbi tun daga hantsi. Saboda haka kowa ana ba shi lokacinsa na isowa tun a intanet. Wanda ya yi sammakon da muka saba yi don kama kujerar gaba, zama kawai zai yi a zaure yana kallon masu fita, domin ɗakinsa da lambarsa suna nan ba mai ƙwace masa.

Kana sauka daga mota a bakin tashar jiragen, 'yan dako za su tare ka, kamar dai yaran mota. Bambancin shi ne kowace jaka sai an liƙa mata takarda mai sunanka da lambar ɗakinka, wadda ake bugowa tun daga gida. Da zarar sun ɗora ta a keken tura kaya, kai da ita sai yamma, wani lokaci sai bayan isha za ka same ta a ƙofar ɗaki. A nan mutane da yawa ke shiga uku. Kowa ya san ba a barin kuɗi da waya a buhun da aka ɗaure a saman mota, to haka ma a nan. Fasfo, takardar shiga jirgi, maganin hawan jini ko na suga, cajar waya, tabarau, sallaya da kaya kala ɗaya na canji, duka su zauna a ƙaramar jakar da ke rataye a kafaɗarka. Wanda ya bar fasfonsa a babbar jaka ya tura ta gaba, ya tsaya ke nan a bakin kanta har sai an tono ta cikin dubban jakunkuna.

Jakunkunan nan kuwa duk sai sun bi ta na'urar da ke leƙa cikinsu. Wanda zai tafi da mahaifiyarsa ya fara wannan shawara tun a gida, cikin lalama.

"Inna, kasko da gawayi fa ba za su shiga ba. Hitar dafa ruwa ma sai dai a bar ta."

"To ɗan nan, ɗakin da ba turare ai ba ɗaki ba ne."

Gaskiyarta, amma a teku ba abin da matuƙa ke tsoro kamar wuta. Gidan da ya kama a gari ana fita waje a tsaya, jirgin da ya kama a tsakiyar ruwa ba wajen da za a fita. Don haka turaren wuta, kyandir, dutsen guga da duk abin da ke ɗaukar zafi ana karɓe su a ajiye, sai ranar sauka a mayar wa mai su. Humra da turaren fesawa ba su da laifi. Wuƙar yankan albasa da ke cikin kayan matafiyi ita ma tsayawa take. Kilishi, dambun nama da abincin da aka dafo daga gida yawancin kamfanoni ba su yarda da su, sai abin da ya zo a rufe daga masana'anta.

Daga nan sai layin takardu. Takardar tasha mutum kan rubuta ta a gurguje, wani ma ya sa lambar da ba ta shiga, ba mai dubawa. Ta jirgi ba a yi mata haka. Ana son fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida. Ana son bizar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya in tana buƙata, ko da kai ba ka da niyyar sauka. In jirgin zai fita ƙasar da ya taso ya dawo, to a tabbata bizar ta yarda a sake shiga. Mai fasfon Nijeriya ya riƙe katin rigakafin cutar shawara kusa. Mace mai ciki da za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, akasarin kamfanoni ba su ɗaukar ta, haka jaririn da bai cika wata shida ba. Waɗannan ba abubuwan da ake roƙo a kansu ba ne, ba "don Allah ranka ya daɗe", ba wanda za a kira a waya ya sa baki. In an gama, sai a ɗauki hotonka a ba ka kati. Katin nan shi ne mabuɗin ɗakinka, shi ne shaidarka, shi ne aljihunka. Duk shigarka da fitarka sai an goga shi, fuskarka ta bayyana a gaban mai gadi. Ta haka kyaftin yake sanin adadin ran da ke cikin jirginsa a kowane lokaci.

Da ka taka gadar shiga, sauran abin mai sauƙi ne. Ɗakuna ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na rana, don haka jama'a kan yi dafifi a babban ɗakin cin abinci na sama, kowa da jakarsa a gefen ƙafa. Abincin yana cikin kuɗin da ka biya. Wanda ke son naman halal a jirgin da ba na ƙasar Musulmi ba ya sanar da kamfani makonni kafin tafiya, ya kuma sake tuna wa shugaban masu abinci a ranar, in ba haka ba sai ya tsaya ga kifi da ganye. A tafi da ƙaramar butar roba, bayin jirgi ba a tanadar masa ita. Alƙibla kuma tana juyawa yadda jirgin ke juyawa, sai an duba a kowace salla. Abu biyu ke cin kuɗin baƙo ba tare da ya ankara ba. Na farko ladan ma'aikata da ake ɗora wa katinka kullum, wanda a manyan kamfanonin Amurka yakan kai dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum. Na biyu waya. Da an yi nisa da gaɓa sai ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, mai tsadar gaske, gara a kashe mata data tun ana ganin ƙasa.

Yanzu ga inda tasha da jirgi suka rabu. Motarmu ba agogo ke tayar da ita ba, cika ke tayar da ita. Fasinja kan tafi salla ko sayen goro, a danna masa hon, a aika yaro ya kira shi, a jira. Akwai mutunci a cikin wannan, kuma ba na son mu rasa shi. Amma jirgi ba ya jira. Ana rufe karɓar fasinja awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi kafin tashi, saboda sai an miƙa wa hukumar shige da fice sunayen duk waɗanda ke ciki. Wanda ya makara, kuɗinsa ya tafi, sai dai ya bi jirgin ta sama zuwa tasha ta gaba da aljihunsa, in ma an yarda masa. Shi ya sa masu hankali ke isa garin kwana ɗaya kafin ranar. Wanda zai taso daga Lambara ya kama jirgin sama a Sakkwato, ya canza a Abuja ko Legas, kada ya kuskura ya ɗora dukan tafiyarsa a kan kowane jirgi zai tashi a kan kari.

Rabuwa ta biyu ita ce mafi girma. Kafin a kwance igiya, kowane fasinja, yaro da babba, mai ɗakin alfarma da mai ɗakin ƙasa, sai ya je wurin da aka rubuta masa a kati, inda zai tsaya in hatsari ya faru. A can za a goga katinsa a tabbatar ya zo. Za a nuna masa yadda ake sa rigar ruwa, a zura ta ta ka, a zagayo da igiyar a ƙugu, a danna maɓalli har ya yi ƙara, a ja ta matse. Za a nuna masa usur da 'yar fitilar da ke jikinta. Za a busa masa jiniyar gaggawa, gajeru bakwai da doguwa ɗaya, don kunnensa ya san ta. Bayan annobar korona jirage da yawa sun koma nuna bayanin a waya ko talabijin ɗin ɗaki, amma zuwa wurin tsayawar bai faɗi ba. Wanda ya ƙi zuwa ana kiran sunansa a lasifika, wanda ya kafe ana iya sauke shi.

Wannan doka da rayuka aka saye ta. Nutsewar Titanic a 1912 ita ta haifi yarjejeniyar duniya ta farko kan tsaron rai a teku a 1914. Duk da haka an bar wata kafa, aka ce ana iya yin horon cikin awa 24 bayan an shiga. Ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya tashi daga wata tasha kusa da birnin Rum da mutum sama da 4,200. Cikin 'yan awoyi ya daki dutse a gaɓar tsibirin Jiliyo ya kwanta a gefe. Kusan fasinja 700 da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu komai ba, an bari sai gobe. Mutum 32 suka rasu. Kotun Italiya ta yanke wa kyaftin ɗin ɗaurin shekara 16, kuma daga 1 ga Janairun 2015 doka ta koma cewa sai an yi horon kafin tashi ko ana tashi nan take.

Mutum 32 suka sa duniya ta sauya doka. Mu kuwa, a watan Afrilun 2022, ana cikin azumi, kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana a nan ƙaramar hukumar Shagari, rai 29 suka tafi, yawancinsu yara da matasa da suka fita neman itace. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Mayun 2023, sai ga na Dandeji, aƙalla yara 15 suka rasu, su ma itacen girki suka je nema. Mun yi jana'iza, mun karɓi gaisuwa, mun ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musun ta. Amma kwale-kwalen da ake loda wa irin lodin tasha, ana cewa a matsa a ƙara mutum guda har bakinsa ya kusa shan ruwa, ba sunan kowa a rubuce, ba riga ko ɗaya, wannan sakacinmu ne. Mota in ta yi nauyi ta lalace a hanya, fasinja kan sauko ya tsaya a ƙasa. Ruwa ba ya ba da wannan dama.

Ba sai an kawo na'ura ko kati mai hoto bakin gulbi ba. A rubuta da fenti a jikin kowane kwale-kwale adadin mutanen da zai ɗauka. A ajiye littafi a mashiga ana ƙirga masu hawa. A rataye riguna daidai adadin, har da ƙanana na yara, kuma kada a tura jirgi sai kowa ya sa tasa. Sarakunan ruwa, hakimai da masu unguwanni, shugabannin ƙananan hukumomin Shagari da Bodinga, da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ku zauna a kan wannan kafin ruwan bana ya cika gulbi. Iyaye kuma, don Allah kada ku bar yaro ya hau jirgin da ba rigar da za a sa masa.