Ayyukan Hannu na Ƙananan Yara a Lokacin Sanyi

A ƙasashen arewacin duniya, irin su Jamus da Suwidin da Kanada, sanyi yana kankama daga watan Disamba zuwa Fabrairu. A wannan tsakanin dusar ƙanƙara kan lulluɓe ƙasa, ruwan tafki ya daskare, yini kuma ya gajarce ƙwarai. A birnin Stockholm, ranar 21 ga Disamba, rana ba ta wuce kusan awa shida a sama. Ana fita da yara su yi wasa a waje duk da haka, amma zaman ɗaka ya fi na kowane lokaci yawa, ƙuruciya kuwa ba ta san zama wuri ɗaya ba. Shi ya sa iyaye da malaman makarantun renon yara suka tanadi ayyukan hannu da suka dace da lokacin, inda yaro zai yanka takarda, ya liƙa auduga, ya murza ƙullu, ya fito da siffar abin da yake hangowa ta taga.

Shigar irin waɗannan ayyuka cikin tsarin karatun yara tana da asali. Wani malami Bajamushe, Friedrich Froebel, ya buɗe gidan wasa da koyarwa na ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a shekarar 1837, a 1840 kuma ya raɗa masa suna Kindagatin, wato lambun yara. A ganinsa yaro da hannu yake fara fahimtar duniya kafin ya fahimce ta da littafi, don haka ya sa ninke takarda da yanka ta da saƙa ta da ginin yumɓu cikin aikin kullum. Har yau a Jamus akwai wani tauraron ado da ake saƙawa da sillayen takarda huɗu a lokacin Kirsimeti, ana kiransa da sunan Froebel, ko da yake saƙarsa ta fi ƙarfin ɗan shekara huɗu.

Aikin da ya fi kowanne yaɗuwa shi ne yanka siffar ƙwayar dusar ƙanƙara da farar takarda. Dusar da ke zubowa daga sama tamkar gari take a ido, amma in aka duba ƙwaya guda da madubin ƙara girman abu sai a ga tauraro mai rassa shida. Masanin taurari Johannes Kepler ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a 1611 yana neman dalilin wannan shida, bai kuwa kai ga amsa ba. Sai daga baya aka gano cewa ƙwayoyin ruwa, in suna daskarewa, jeruwa suke yi cikin tsari mai kusurwa shida, rassan kuma su tsiro daga kusurwoyin. Wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya yi nasarar ɗaukar hoton ƙwayar dusa guda ɗaya a 1885, ya ci gaba da wannan aiki har ya tara hotuna fiye da 5000, bai kuma sami biyu da suka zo iri ɗaya ba.

Wannan bayani yana da amfani ga mai koyar da yankan, domin a nan ake yawan kuskure. Idan aka ninke takarda biyu, aka sake ninkewa biyu, aka kuma ninkewa, abin da zai fito mai rassa huɗu ne ko takwas, irin wanda ba ya saukowa daga sama. Hanyar da ta dace ita ce a sami takarda mai siffar faifai, a ninke ta biyu, sannan a ninke rabin nan gida uku daidai wa daida, ya zama kamar yankan kankana. Yaro sai ya riƙa ɗan gutsure gefe da gefe da almakashi, amma kada ya yanke bakin ninkin gaba ɗaya, in ba haka ba takardar za ta rabu. Sa'ad da aka buɗe, kowane gutsure da ya yi zai bayyana a maimaice, kewaye da tsakiya. Mamakin da yaro ke yi a wannan buɗewa shi ne darasinsa na farko a kan daidaiton siffa, tun kafin ya ji sunan lissafi. Ninkewar dai aikin babba ce, kuma takarda mara kauri ta fi, saboda hannun yaro ba ya iya ratsa ninki shida na kwali.

Waɗanda ba su kai riƙe almakashi ba, 'yan shekara biyu zuwa uku, ana ba su aikin liƙi. A zana da'ira biyu ko uku a kan shuɗin kwali, ƙarama bisa babba, a shafa gam, yaro ya bi yana manna auduga har ta zama mutum-mutumin dusa irin wanda manyan yara ke ginawa a tsakar gida. Akwai kuma zanen ɓoye: a yi zane da farin kyandir a kan farar takarda, sannan yaro ya shafe ta da shuɗin fenti na ruwa. Kakin ba ya shan ruwa, sai zanen ya fito fari fat a cikin shuɗi. In aka barbaɗa gishiri kafin fentin ya bushe, gishirin zai tsotse ruwan ya bar ɗigo-ɗigo kamar dusa na zuba.

Wasu ayyukan kuma duhun lokacin ne ya haife su. A Jamus, kafin ranar 11 ga Nuwamba, bikin wani waliyyin Kirista mai suna Martin, yaran makarantun reno sukan shafe kwanaki suna haɗa fitilun takarda masu launi, su rataya su a sanda, da almuru su yi jerin gwano da su cikin unguwa. Da kyandir ake kunna su a da, yanzu galibi ƙaramin ƙwan batir ake sawa don gudun gobara. A Suwidin yara sukan dunƙula dusa su jera ta kamar ɗan rumbu, babba ya sa wuta a ciki, haske ya riƙa fitowa ta kafofin. Inda sanyi ya sauka ƙasa da awon sifiri kuwa, ana zuba ruwa a faranti, a jefa ganye da 'ya'yan itace da igiya, a bar shi a waje ya kwana. Da safe a ɗauko faifan ƙanƙara a rataya a reshe. Tsuntsaye ma suna da rabo, domin abinci kan yi musu wuya in dusa ta rufe ƙasa: yara su shafa kitse ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa a jikin busasshen ƙwallon itacen fain, su birkiɗa shi cikin tsaba, a rataya kusa da taga.

Ƙullun gishiri ma ba ya rasuwa a wannan lokaci. Kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, da ruwa kusan kofi ɗaya, a kwaɓa ya yi tauri, yaro ya fitar da tauraro ko ya danna tafin hannunsa a kai, a busar a shafa fenti.

Amfanin duk waɗannan yana ga yatsu. Tsinke auduga da babban yatsa da manuni, matsa kwalbar gam, buɗe almakashi da rufe shi, su ne ke ƙarfafa hannun da zai riƙe fensir nan gaba, su kuma saba wa ido da hannu tafiya tare. Yawancin yara sukan fara gutsure takarda da almakashi wajen shekara uku, su iya bin layi wajen shekara huɗu, amma kowa da saurinsa. Babban abin da ke ɓata aikin shi ne hannun babba. In aka shiga aji aka tarar da mutum-mutumin dusa ashirin a bango, kowanne hancinsa a tsakiya cif, to malama ce ta yi, yara kallo suka yi. Wanda idonsa ɗaya ya hau goshi, shi ne aka bar wa mai shi.

Akwai abubuwan kiyayewa. Yaron da bai kai shekara uku ba komai baki yake kaiwa, saboda haka ba a ba shi maɓalli ko dutsen ado. A Amurka ana gwada kayan wasa da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaro. Ƙullun gishiri yana da haɗari in aka ci, almakashi ya zama mai dakusasshen baki, gyaɗa kuma a tabbata babu yaron da jikinsa ba ya karɓarta. Garin ƙyalƙyali na roba, wanda aka daɗe ana barbaɗawa don ya yi kama da dusa, Tarayyar Turai ta taƙaita sayar da shi tun watan Oktoban 2023, saboda ɓarɓashinsa ba ya ruɓewa in ya shiga ruwa.

Lokacin sanyi bai zo ɗaya a ko'ina ba. A Ostireliya da Afirka ta Kudu daga Yuni zuwa Agusta yake, a ƙasar Hausa kuwa hunturu ne, mai hazo da busasshiyar iska da faso, ba shi da dusa. Makarantar da ke Kano ko Damagaram tana iya koya wa yara yanka tauraron dusa, ba laifi, muddin an nuna musu hotonsa an gaya musu inda yake sauka. Sai dai abin da ya rayar da waɗannan ayyuka a wurin masu su shi ne yaro yana yin siffar abin da ya gani da idonsa, da kayan da lokacin ya kawo. Hunturu ma yana zuwa da nasa kayan. Yana biyo bayan kaka, sa'ad da kara ya cika gonaki kuma ake tsinkar auduga, kuma tun da daɗewa yaran Hausawa suke ƙera mota da jirgi da tabarau da karan dawa: totuwa ta zama jiki da tayoyi, ɓawon da aka fere siriri ya zama abin soke su su haɗu. Ga ƙananan yara, babba ne ya kamata ya fere ɓawon, domin kaifinsa yana yanka yatsa kamar reza, su kuma a bar musu totuwa mai laushi su soka, su jera. Ƙaro da aka jiƙa ko sitaci da aka dama ya isa ya maye gurbin gam wajen liƙa auduga da busasshen ganye a kwali, kuma a busasshiyar iskar hunturu ba ya ɗaukar lokaci ya kama.