Bakan Kawu da Mugun Dawa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Kawuna a Zangon Kwatano, ba nisa da babban masallaci, ya ga bakan nan rataye a bango, ga kwari a gefensa, fatarsa ta yi baƙi saboda tsufa da gumin hannu. Yau Kawu saiwoyi da sassaƙe yake sayarwa a bakin titi, 'yan zemijan na bulbula masa hayaƙi. Amma kafin ya sauko bakin teku maharbi ne a ƙasar Gaya, kuma abin da aka fi saninsa da shi harbin mugun dawa, aladen dajin nan mai haure da wasu ke kira gursunu.

Na taɓa yi masa tambayar da na san kai ma mai karatu za ka yi: me ya haɗa Musulmi da alade? Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ashe ba ka taɓa noman gyaɗa ba." Dabbar nan idan ta sami gona sai ta durƙusa a kan gwiwoyinta na gaba, ta sa hanci tana tono, kafin mai gona ya ankara wahalar damina ta tafi. Manoma ne ke zuwa har gida su roƙe shi. Ladansa damin gero ne ko kaza. Naman kuwa bai taɓa ci ba, bai taɓa karɓar kuɗinsa ba, don malamai sun ce cinikinsa bai halatta ba. Maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba yakan aika wa su zo su ɗauka.

In ka zauna da shi bayan la'asar, a nan za ka ji ilimin. Babban namiji yakan haura kilo 100, kuma yana da gudu fiye da yadda gajerun ƙafafunsa ke nunawa, ya ɗaga jela sama tsaye kamar sanda. Idonsa ba ya gani sosai, amma hanci da kunne ba a magana, shi ya sa maharbi ke watsa ɗan ƙura ya ga inda iska ta nufa kafin ya taka ko taki ɗaya. In iska ta kwashi warinka ta kai masa, koma gida kawai. Haurun sama masu lanƙwasa su ke ba mutane tsoro, amma Kawu ya ce na ƙasa ne mugaye, don kullum suna gogar na sama suna wasa kansu kamar wuƙar mahauci. A ramin dabgi yake kwana, kuma da baya yake shiga, fuskarsa na kallon waje. Wanda ya tsaya a bakin ramin ya leƙa, ya sayi tsiya da kuɗinsa. Tabon da ke ƙwaurin Kawu na hagu daga nan ya samo shi, yana saurayi, ranar da ya ƙi jin maganar mahaifinsa.

Kibiyar Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta finafinan Turawa. Kyauro ne da kan ƙarfe mai ƙaya, aikin maƙeri, ba ta kuma cin dogon zango. Dole ka matso kusa, kusa ƙwarai, ka nemi bayan kafaɗa. Sauran aikin na dafi ne, wanda akan haɗa da 'ya'yan kwankwani, ya bi jini ya tsayar da zuciya. Yadda ake dafa shi dai Kawu bai taɓa gaya mini ba, ni ma ban nema ba.

Bana bayan ƙaramar salla ya kira ni. Idonsa ya fara yana, hannu ba ya iya jan tsirkiya. Ya ce tun da ni ke hawa da sauka da kayan atamfa, in ɗauki bakan da kwarin in kai wa ɗan ƙanensa a gida, don kada kayan gado su ruɓe a iskar teku.

Na yi shiru. Daga Kwatano zuwa Malanbil ya fi kilomita 700, ta Bohikon da Faraku da Kandi, kuma kowa ya san yawan shingayen da ke hanyar tun da 'yan bindiga suka shigo dazukan W da Penjari. An rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 2023, aka koma kwalekwale. Bahaushe mai rawani ɗauke da kibau masu dafi a wannan hanya, wa zai tsaya ya saurari labarin gyaɗa? Ban manta da Uromi ba, a jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 'yan Arewa suna hanyar komawa gida salla, aka ga bindigogin farautarsu, aka kashe su. Na faɗa wa Kawu haka. Ya ce, "Wato tsoro kake ji." Na ce, "Eh, Kawu, tsoro nake ji, ina da 'ya'ya huɗu." Kwana uku bai amsa gaisuwata da fara'a ba.

Gaskiyar da ban iya faɗa masa ba ita ce, ko bakan ya isa, ba na jin za a sake harbi da shi. Dajin da ya sani ya zama gonaki, wanda ya rage gandun gwamnati ne da aka hana farauta, ɗan ƙanen nasa kuwa waya yake gyarawa a tasha. Wani dillalin kayan tarihi ma ya taɓa taya bakan jaka 40 don ya sayar wa masu yawon buɗe ido, Kawu ya kore shi da carbi a hannu.

Uwargidana ce ta raba gardamar. Ta ce a cire kawunan kibau a binne, don dama hankalinta bai taɓa kwanciya da dafi a gidan da yara ke rarrafe ba, baka kuma ya zauna inda mai shi yake. Abin mamaki, Kawu ya yarda. Da kansa ya naɗe kawunan a tsumma, muka haƙa rami mai zurfi a bayan gida.

Yanzu kowace Lahadi ɗana na biyu, wanda aka haifa a nan, bakinsa ya fi saba wa Faransanci da Fon, yakan je ɗakin. Kawu ya sa maƙeri ya yi masa kibiya uku marasa kaifi, ya jingina buhun yashi a bango. Makon jiya yaron ya sami buhun sau ɗaya cikin goma, tsirkiya ta ɗaye masa hannu. Kawu bai ga inda kibiyar ta sauka ba, ƙarar ya ji, ya ce masa ya ƙara ɗaga gwiwar hannu.